Hular audugar da makaranta za ta ce ka saya wa ɗanka a Japan

Idan ka sauka a Tokyo, Saitama ko Shizuoka da yaro ɗan firamare, kafin a buɗe shekarar karatu a watan Afrilu makaranta za ta ba ka takardar kayan da za ka tanada. A ciki za ka ga bosai zukin. Kada ka tsallake shi don ba ka gane shi ba.

Hula ce mai kauri da aka cusa wa auduga ko makamancinta, tana rufe kai da kunnuwa da wuya har kafaɗu, fuska kaɗai ke waje. Ba a zuwa da ita gida kullum. Ana saka ta cikin riga irin ta matashin kai, a rataya a bayan kujerar yaro ko ya zauna a kanta. Ƙasa na girgiza sai ya shige ƙarƙashin tebur, in ta lafa ya jawo hular ya sa, a bi layi zuwa filin makaranta, ba gudu, ba turereniya, ba surutu.

Asalinta yaƙi ne. A Yaƙin Duniya na Biyu iyaye mata ne ke ɗinka ta da tsofaffin tufafi, ana kiranta boku zukin, a ɗinka mata ƙyalle mai sunan mai ita da rukunin jininsa. Ƙarfe ya tafi wajen sojoji, don haka farar hula ba sa samun hular kwano cikin sauƙi, gidaje kuma na katako ne da takarda masu saurin kama wuta. A daren 10 ga Maris 1945 jiragen Amurka suka yi wa Tokyo ruwan bama-baman wuta, mutum wajen 100,000 suka mutu. Wasu sun jiƙa hular da ruwa, wasu kuwa ta kama wuta a kansu, don busasshiyar auduga ba ta wasa da tartsatsi.

Shi ya sa in za ka saya, duba tambarin hukumar Japan mai tantance kayan da ba sa saurin kama wuta. Manyan kantuna irin su Aeon suna baje su gab da Afrilu. Tambayi malami girman da suke so, saboda kujeru sun bambanta, sannan ka rubuta sunan yaron da hiragana, baƙaƙen Japananci masu sauƙi da yara ke fara koya. 'Yar da ke sa hijabi a gwada mata a gida tukuna, a tabbatar hular ta hau a kai kuma tana jin magana.

Sai dai a gaskiya ba hular kwano ba ce. Tartsatsi da ɓaraguzan gilashi take tarewa, ba faɗowar bulo ba, har wasu makarantu sun koma hular kwano mai naɗewa. A wajajen Osaka ma ba lalle a nemi ka saya ba.

Ranar 1 ga Satumba ake tunawa da girgizar ƙasar da ta afka wa Kanto, yankin da Tokyo take, a 1923, kuma makarantu da yawa kan yi atisaye a wannan tsakanin, har da wanda iyaye ke zuwa da kansu su karɓi 'ya'yansu. Malami ba zai miƙa yaro ga wanda sunansa ba ya cikin katin masu karɓar yaro da ka cike wa makaranta ba, ko da ƙaninka ne uwa ɗaya uba ɗaya, don haka ka sa sunan duk wanda ka san zai iya zuwa a madadinka.