Ga ƴan Maraɗi masu sauka Kanada da Amurka: hayaƙin wutar daji da takunkumin da ya dace

Duk mai shirin tafiya Kanada, da sanyi ake tsorata shi. Daga iyaye har abokan karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, shawarar ɗaya ce: nemi rigar sanyi mai kauri. Gaskiyarsu ne. Amma akwai abin da ba a cika faɗa ba, wato hayaƙin wutar daji da kan turnuƙe garuruwa tsakanin Mayu da Satumba, lokacin da a gida ake fama da shuka da noma.

A 2023 wuta ta cinye kusan hekta miliyan 15 na dazuzzukan Kanada, ɓarnar da ƙasar ba ta taɓa ganin irinta ba. Kuma ba sai kana kusa da dajin ba. Wutar na ci a jihar Kebek, iska ta kwashi hayaƙin har Niyok, inda ranar 7 ga Yuni sararin sama ya yi jajawur da rana tsaka.

Mu da muka tashi cikin hazon hunturu muna da saurin raina irin wannan. Mutum zai leƙa ta taga ya ce ai bai kai ƙurar Janairu ba, ya ɗaure hanci da ƙyalle kamar ɗan kabu-kabu, ya fita aiki. Don Allah kada ku yi haka. Ita ma ƙurar gida ba alheri take yi wa ƙirji ba, sabo ne kawai. Abin da ke cutarwa a hayaƙi ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne da ake kira PM2.5, waɗanda silin gashin kai ya fi su kauri kusan sau 30. Suna ratsa saƙar yadi, su wuce maƙogwaro, su sauka can cikin huhu, wasu har cikin jini. Amawalin rawani, gefen gyale, tsumman da aka jiƙa da ruwa, duk ba sa tare su. Shuɗin takunkumin nan na zamanin korona ma gefensa a buɗe yake.

Wanda za ku nema a farmasi ko shagon kayan gini shi ne N95, mai ɗauke da sunan NIOSH a jikinsa, wato hukumar Amurka da ke tantance ingancin irin wannan takunkumi. Yana tace aƙalla kashi 95 cikin ɗari na ƙwayoyin. A Faransa da sauran Turai takwaransa shi ne FFP2. Ku saya tun kafin hayaƙin ya iso, don ranar da gari ya rufe kowa shi yake nema.

Sai dai sayen ba shi ne aikin ba, ɗaurawar ce. Igiya biyu gare shi: ɗaya ta hau bayan kai sama da kunne, ɗaya ta sauka ƙeya. Ɗan ƙarfen da ke kan hanci a matsa shi da yatsun hannu biyu har ya kwanta. Sannan ka rufe shi da tafin hannu ka fitar da numfashi da ƙarfi. In ka ji iska na kaɗa maka gashin ido ko tabarau ya yi raɓa, akwai kafa, sake gyarawa. Mata su sa shi ya taɓa fata, kada bakin hijabi ya shiga tsakani. Masu gemu kuwa, gashi na hana shi mannewa, kariyarsa ta ragu sosai. Ban ce kowa ya aske ba, amma mai gemu ya san cewa a irin wannan rana zaman ɗaki ya fi masa. In takunkumin ya jiƙe da gumi, ya yi dauɗa ko numfashi ya fara wuya a cikinsa, a canza. Yaron da bai kai shekara 2 ba, ba a sa masa takunkumi ko kaɗan.

Kafin fita a duba ma'aunin iska a waya. Na Kanada daga 1 zuwa 10+ yake, daga 7 haɗari ya yi yawa. A Amurka shafin AirNow ne, in lamba ta wuce 150 iskar ba ta da kyau ga kowa. Masu kai saƙon abinci a kan keke da masu aikin gini, ku na fi ji wa tsoro, don mai aikin ƙarfi ya fi kowa zuƙar iska. A mota a rufe gilasai, a danna maɓallin da ke juya iskar ciki.

A gida a rufe tagogi, wanda ke da hali ya sayi na'urar tace iska mai HEPA, wato matatar da ke kama ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyin nan. Uwargida ta yi haƙuri da turaren wuta da suya mai yawa har gari ya washe, don ƙara hayaƙi ne a ɗakin da ke rufe.

Mai asma, mai ciwon zuciya, mace mai ciki, tsofaffi da yara su ne hayaƙin ya fi kayarwa. Mai asma ya ajiye maganin shaƙarsa kusa. A Kebek ana kiran 811 a yi magana da ma'aikaciyar jinya kyauta. In kuwa ƙirji ya ɗaure ko numfashi ya gagara, 911 za a kira nan take.