Yadda za ka ci moriyar wuni ɗaya a Kotor in jirgin ruwan yawo ne ya kawo ka

Yanzu a Abuja yawon jirgin ruwa ya fara shiga ran mutanenmu, musamman masu zuwa hutu da iyali da kuma amare, irin katon jirgin nan mai hawa goma sha wani abu da za ka shiga a Italiya ya yi mako yana zagaya teku da kai, kullum da safe ka farka a wani gari daban. To cikin garuruwan da yake tsayawa a tekun Adiriyatik akwai wani ɗan ƙaramin tsohon gari Kotor a ƙasar Montenegro, a kansa zan yi magana, amma yawancin abin da zan faɗa zai yi maka amfani a duk wani ƙaramin garin bakin teku. Matsalar guda ɗaya ce, lokaci. Jirgi zai ajiye ka da safe ya ce ka dawo da yamma, awa shida ko takwas ne a hannunka, kuma shi ba direban Jabi ba ne da za ka kira a waya ka ce gani nan ka ɗan jira ni.

Mu fara da takardu tunda nan ne mai koren fasfo yake shan wahala. Yawancin jiragen daga Italiya suke tashi ko Girka, kenan bizar Shengen kake nema, wato biza ɗaya da ke shigar da kai yawancin ƙasashen Turai, kuɗinta yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, sannan sai ka haɗa da inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. Amma ga inda mutane ke faɗawa rami: Montenegro ba ta cikin Tarayyar Turai, ba ta cikin Shengen. Ma'ana ranar da jirgi ya shiga Kotor ka fita daga Shengen, washegari in ya koma Girka ko Kuroshiya ko Italiya sabuwar shiga ce. In bizarka ta shiga sau ɗaya ce to ta ƙone. Don haka mai shiga da fita da yawa za ka nema, ka haɗa wa masu ba da bizar jadawalin jirgin gaba ɗaya cikin takardunka su gani da idonsu. Ita Montenegro tana barin mai ingantacciyar bizar Shengen ya shiga na ɗan lokaci ba sai ya nemi tata ba, duk da haka ka sa kamfanin jirgin su rubuto maka abin da suke buƙata daga mai fasfon Najeriya kafin ka biya ko kwabo, don su ne za su tare ka a ƙofa ranar tashi, kuma in suka hana ka hawa saboda takarda ba sa mayar da kuɗi. Fasfo kuma ya zama da sauran aƙalla wata shida bayan ranar dawowa.

Kuɗi, yuro 'yan Montenegro suke kashewa duk da ba sa cikin Tarayyar. Kafin ka tashi ka biya ta wajen 'yan canji a Zone 4 ka ce a ba ka ƙananan takardu, 5 da 10 da 20, kar ka yarda a cika maka aljihu da 'yan ɗari ɗari, mai sayar da ruwa a bakin ganuwa ba shi da canjinsu. Kuma Hajiya don Allah a bar kilishin nan a gida, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara daga waje, a filin jirgi za a karɓe. Dutsen guga da butar dafa ruwa ta lantarki su ma jirgin ruwa ba ya bari, tsoron gobara.

Daren da za ku isa za a kawo maka takardar shirin gobe a ɗaki ko ka gan ta a manhajar jirgin. Abu uku za ka duba a ciki ka ɗauki hotonsu da waya: ƙarfe nawa ne kowa ya zama yana cikin jirgi, wanda yawanci rabin awa ne kafin tashi, sai lambar wayar wakilin jirgin a tashar, sai kuma ko jirgin zai jingina da gaɓa ne ko tsakiyar ruwa zai tsaya. Na ƙarshen nan yana da muhimmanci sosai a Kotor don tashar ƙarama ce, ranar da jirgi biyu uku suka haɗu sauran a cikin ruwa suke tsayawa a riƙa jigilar mutane da ƙananan jirage masu inji. In naku haka ne to akwai karɓar lamba da bin layi, waɗanda suka sayi yawon kamfani su ake fara fitarwa, kuma kwale-kwalen ƙarshe na dawowa yana tashi da wuri fiye da yadda kake zato. Ka je ka karɓi lambarka tun kafin ka karya kumallo.

Sai agogo. Lokacin zafinsu Montenegro tana gaban Najeriya da awa ɗaya, lokacin sanyi daidai muke, Girka kuma kullum tana gaban Montenegro da awa ɗaya. In daga tsibirin Korfu na Girka kuka kwano wayarka za ta iya rikicewa ta nuna maka abin da ta ga dama. Ka ɗaura agogon hannu ka saita shi da na jirgi, da shi kaɗai za ka yi aiki. Wayar ma ka kashe mata data muddin kuna kan teku, layin da take kamawa a can na tauraron ɗan adam ne mai shegen tsada, kuma layin da ka saya a Italiya ba lallai ya yi aiki a Montenegro da farashin da ka saya ba. Sauke taswirar garin tun kana da intanet.

Kar ka yi barcin safe ranar. Shigar jirgi cikin wannan lungun teku ita ce rabin abin da ka biya kuɗi ka gani wallahi. Ruwan ya kutsa ne cikin tsaunuka wajen kilomita 28, jirgi yana tafiya a hankali duwatsu sun tokare sama hagu da dama, akwai wata matsattsiyar mashiga da ake kira Verige da faɗinta bai kai rabin kilomita ba, kana wuce ta sai ga wasu 'yan tsibirai biyu a gaban garin Perast. Ka yi asuba ka ɗauki shayinka ka hau can sama gaban jirgi, da 'yar rigar sanyi don iskar safiya tana da kaifi.

To an sauka, me za a yi? Ra'ayina, kar ka sayi yawon cikin gari daga kamfanin jirgi. Daga inda aka sauke ka zuwa ƙofar ganuwa tafiyar minti biyar ce ma ba ta kai ba, titi kawai za ka tsallaka, kuma mota ba ta shiga tsohon garin, kowa a ƙafa yake. Biyan kuɗi don ka bi bayan mai riƙe da tuta cikin mutum arba'in asara ce. Inda yawon kamfani yake da amfani shi ne in wuri mai nisa za ka, saboda in motarsu ta makara jirgi zai jira ta, kai da ka ɗauki tasi da kanka babu mai jiranka.

Shawarar da ta fi kowace: ka zaɓi babban abu ɗaya, ko hawan ganuwa ko zuwa Perast, ka fara da shi da sassafe, yawon cikin gari ka bar shi ƙarshe tunda yana gindin jirgi. Masu son haɗa duka ukun su ne za ka gani da yamma suna gudu da ledoji a hannu.

Ganuwar nan ita ce Kotor. Tsawonta wajen kilomita 4 da rabi, ta zagaye garin sannan ta haura tsaunin da ke bayansa har zuwa sansanin San Giovanni a can ƙoli, matakala kusan 1,350. Yawancin abin da ake gani yau aikin mutanen birnin Benis na Italiya ne da suka riƙe garin daga 1420 zuwa 1797, shi ya sa za ka ga zaki mai fukafuki a sassaƙe jikin bango, tambarinsu ne. Kuma ganuwar ta yi aikinta, a 1539 babban kwamandan ruwan Daular Usmaniyya Hairuddin Barbarosa ya zo da rundunarsa bai ci garin ba. In ka taɓa hawan tsaunin Shere a Jos ba za ta ba ka tsoro ba, amma kar ka raina ta, babu inuwa ko kaɗan, duwatsun sun sha ƙafa sun yi santsi, a Yuli da Agusta kuma rana tana dukan bangon dutsen ta dawo maka da zafin a fuska. Ana biyan kuɗin shiga a ƙasa, ka riƙe tsaba. Takalmi mai kama ƙasa za ka sa ba silifas ba, babbar riga a bar ta a ɗaki, Hajiya in abaya ce a samu wadda ba ta jan ƙasa don wajen saukowa ne ake taka ta. Ruwa babbar gora. Ka ware awa biyu zuwa uku hawa da sauka da hutu. Wanda gwiwa ke damu ko mai hawan jini ba sai ya kai ƙoli ba, akwai wata 'yar coci ta 1518 a kan hanya, daga farfajiyarta ana ganin jajayen rufin garin da ruwa da jirginku gaba ɗaya, hoton da yawancin mutane ke sawa a Instagram ma daga wajajen nan ne. Nan ya isa, a juyo.

In da tsofaffi ko ƙananan yara kuka zo to Perast ta fi. Kilomita goma sha kaɗan ce, akwai bas akwai tasi akwai ƙananan jiragen ruwa daga bakin tasha, daga Perast ɗin kuma 'yan mintoci ne a kwale-kwale zuwa tsibirin da mutane suka gina da hannunsu ta hanyar zuba duwatsu da nutsar da tsofaffin jirage, da coci a kansa. Ka yi ciniki da mai tasi kafin ka shiga, zuwa da dawowa da jira. Hanyar bakin ruwan guda ɗaya ce siririya, da rana lokacin baƙi tana cushewa, don haka ka baro can da sauran aƙalla awa biyu a hannunka.

Cikin garin kansa ba ya son taswira, lunguna ne ƙanana da ka ɓata za ka ɓullo wani dandali. Ta Ƙofar Teku za ka shiga, ginin 1555, ka ɗaga kai za ka ga an rubuta 21-XI-1944, ranar da aka kori sojojin Jamus daga garin. Kana shiga ga hasumiyar agogo ta 1602, a gabanta akwai wani ɗan dutse mai tsini inda a da ake tsayar da mai laifi jama'a su yi masa kallon kunya. Babbar cocin Tryphon tun 1166 take, hasumiyoyinta biyu ba su yi daidai da juna ba, an sake gina su ne bayan girgizar ƙasa ta 1667. Wata girgizar ta sake ragargaza garin a Afrilun 1979, a shekarar ce UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, aka yi shekaru ana gyara. Akwai gidan tarihin harkar teku in kana son tsofaffin makamai da taswirori. Kyanwoyi kuwa ko'ina, har gidan tarihi aka buɗe musu, yara za su ji daɗi. Ka tuna dai mutane ne ke zaune a gidajen nan, wanda ya shanya kayansa a taga bai shanya don kyamararka ba.

Abinci sai an lura. Abin alfaharinsu wani busasshen nama ne da suke kira pršut, na alade ne, yana shiga cikin sanwic da farantin cuku ba tare da an faɗa maka ba, in ka ga svinjetina a takardar abinci shi ma alade ne. Kifi gasashshe ya fi kwanciyar hankali, sai dai sau da yawa da kilo suke sa farashinsa, ka sa a auna a gaya maka kuɗin kafin a ɗora a wuta. Miyar kayan teku da suke kira buzara da giya ake dafa ta, ka tambaya. Burek na cuku, wani gashin fulawa mai cuku a ciki, yana da arha yana riƙe ciki. Shagunan da ke babban dandali sun fi tsada, ka shiga lungu biyu uku ciki. A wajen ganuwa kusa da ƙofa akwai 'yar kasuwa ta ɓaure da zaitun da zuma, nan ne tsarabar kirki take, ba maganaɗisun firij da za ka samu irinsa a kowace tasha ba.

Sallah kuma kar ka dogara da samun masallaci a kusa, Musulmin ƙasar wajen kashi ɗaya cikin biyar ne amma sun fi yawa a arewa maso gabas da kudu wajen Ulcinj da Bar. Kai matafiyi ne, ka yi alwala kafin ka sauka ka riƙe 'yar darduma, ko ka haɗa azahar da la'asar in ka koma jirgi. A cikin jirgi alƙibla tana canzawa duk lokacin da ya juya, sai ka sake dubawa kowace sallah.

Ka sa a ranka awa ɗaya kafin lokacin da suka rubuta kana bakin tasha, katin jirgi a aljihun gaba don da shi ake shigar da kai, da kwafin fasfo da biza in jirgin ya riƙe na ainihin. In kuma ƙaddara ta faɗa ka iso ka hango bayan jirgi, kar ka tsaya ɗaga hannu, ka kira lambar wakilin nan da ka ɗauki hotonta, yawanci wajensa ake barin fasfon wanda aka bari, shi zai nuna maka yadda za ka cim musu a tasha ta gaba. Filin jirgin sama na Tivat yana kusa, ƙasa da kilomita 10, amma tikiti da otal da tasi duk daga aljihunka, maganinka da cajarka kuma suna can cikin ɗaki sun yi gaba, shi ya sa maganin da kake sha kullum ya kamata ya kasance cikin 'yar jakar da ka sauko da ita.