Yadda Ake Gano Abin da Ya Kashe Tsohuwar Bas a Bakin Hanya

Duk wanda ya taɓa ɗauko kayan gwari daga kasuwar Farin Gada ta Jos zuwa Abuja a tsohuwar Hiace ko J5 ya san wannan shirun. Kana cikin tafiya sai injin ya ɗauke, jajayen fitilu su kunno a gabanka, ba abin da kake ji sai kukan taya a kan kwalta. Yawancinmu muna tsayawa sai mu ɗage kujera mu kama kafireto, mai haɗa fetur da iska, da sukundireba, alhali shi ne ya kamata a taɓa a ƙarshe. Mota takan faɗi ciwonta kafin ta mutu, sai dai in direba bai saurara ba.

Fara da sauke ta daga kwalta

Da zarar injin ya mutu, burki zai ba ka taku ɗaya ko biyu masu laushi, daga nan ya yi tauri, domin injin ne ke taimaka masa. Bai tsinke ba, ƙarfi yake so. Danna da dukan ƙafarka, kada ka riƙa taka shi kana saki. Kada kuma ka murɗa makulli ya koma ƙarshe, sitiyari zai kulle. In a gangaren Hawan Kibo ne, a hanyar Jos zuwa Akwanga, bar ta cikin giya har ka samu gefen da za ka raɓa.

Ja burkin hannu, yaron mota ya sa dutse a taya. Fasinja su sauka su tsaya can gefe, ba a gaban mota ko bayanta ba. A kai si-koshan, wato jar alamar gargaɗin nan mai kusurwa uku, nesa, in akwai kwana a ajiye shi kafin kwanar. Ganyen da muke zubawa a titi yana aiki da rana, amma direban tirela ba ya ganinsa da dare. In motar ta tare hanya kuma ta ƙi turuwa, lambar hukumar kiyaye haɗurra 122 ce.

Ka tuna yadda ta mutu

Nan ne rabin aikin yake, kuma ba ya bukatar sufana. Zauna minti ɗaya ka tambayi kanka, ka tambayi yaronka ma, domin wani lokaci shi ya ji abin da ba ka ji ba.

In ta ɗauke lokaci guda kamar an kashe makulli, zargi wuta: kwayil mai ba fulogi wuta, fiyus, wayar da ta saki. In kuwa ta yi ta fizga, kana taka totur tana ja da baya, ta yi tari sannan ta mutu, zargi mai. In tana gudu lafiya amma ka ɗaga ƙafa a shingen bincike ko a cunkoson Mararaba sai ta mutu, matsalar silo ce, wato aikin injin in ba a taka totur ba. In ƙarfinta ya ragu, kana jin ƙaurin zafi, allurar zafi ta haye, wannan babbar magana ce. Haka in fitilar baƙin mai ta kama kafin ta mutu, ko ka ji ƙwanƙwasa daga cikin injin.

Waɗannan biyun na ƙarshe, kada ka sake murɗa makulli sai ka duba. Zaro sandar gwajin baƙin mai ka ga inda ya tsaya. In ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, gaskit ya ƙone, gyaran ya wuce na bakin hanya. Lagireto kuwa kada ka kusanci murfinsa sai ya huce, aƙalla rabin awa, kuma da tsumma mai kauri. A Hiace da L300 injin a ƙarƙashin kujera yake, fuskarka na kansa kai tsaye, ruwan da ya taso ba inda zai nufa sai ita. Kada ka zuba ruwan sanyi a injin da ke tafasa, kansa na iya tsagewa. Duba fambel tun kana jira. In ya tsinke, shi ne ya tsayar da famfon ruwa da caji gaba ɗaya.

Saurari kik

Cire giya, murɗa makulli. Shiru ko ƙas-ƙas kawai, fitilu na dishewa, to batir ne ko kansa. Girgiza kawunan da hannu, in ɗaya ya motsa ko ya yi farin gari, kankare shi ka ɗaure. Kada ka manta da wayar da ta tashi daga batir zuwa jikin mota, ita ma tana sakewa. In kana da mita, batir mai lafiya yakan nuna wajen volt 12.6, in injin na aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Ƙasa da haka altaneta ba ya caji, ma'ana da batir kaɗai kake tafiya tun ɗazu, har ya ƙare. Wasu 'yan rewaya kan cire kan batir injin na aiki don su gwada caji. A mota mai injekta wannan na iya ƙona kwamfutarta, kada ka yarda.

In kik na juyawa da sauri fiye da yadda ka saba, injin na gudu sakayau ba nauyi, dakata. Cire murfin da wayoyin fulogi ke haɗuwa a kai, yaro ya yi kik kaɗan ka kalli rota, ɗan abin nan da ke juyawa a ƙarƙashin murfin. In ba ta juya ba, taimin bel ya tsinke. Injin L300 da na dizal ɗin Hiace bel gare su, Hiace mai fetur irin 3Y, 4Y ko 2RZ kuwa sarƙa ce, da wuya ta tsinke. In bel ne, ba kik ba turi, ƙarin ɓarna kawai za ka yi. Nemi mai ja.

In kuwa kik na juyawa daidai amma ta ƙi tashi, sauran abu biyu: wuta da mai.

Gwada wuta

Buɗe ƙofofi tukuna warin fetur ya fita. Zare wayar tsakiya wadda ta taho daga kwayil, riƙe ta da filaya mai roba, kusanta bakinta da ƙarfen injin kamar rabin santimita, a yi kik. Wuta shuɗiya mai ƙara tas-tas, kwayil lafiya. Ja-ja mai rauni ko babu sam, ka kama bakin zaren.

Duba fiyus da ƙananan wayoyin da ke kan kwayil. A mota mai kwantak, ɗan ƙarfen nan da ke ƙarƙashin rota, duba ko yana buɗewa yana rufewa in injin ya juya. In bakinsa ya ƙone, goge shi da 'yar sanfefa, tazararsa wajen milimita 0.45 ce a yawancin tsofaffin Toyota. Leƙa cikin murfin rota kuma. Damina a Jos ba wasa ba ce, ga hazon safiya, laima kaɗan a ciki ta isa ta hana mota tashi. Busasshen tsumma ne maganinta.

Akwai alamu biyu da ke ruɗa mutane. Motar da ke mutuwa in ta yi zafi, ka huta minti 20 ta tashi kamar ba ita ba, ta sake mutuwa a gaba, sau da yawa kwayil ne ya gaji. Taɓa shi, in ba ya taɓuwa don zafi, naɗe jikinsa da jiƙaƙƙen tsumma ban da wurin wayoyi, zai iya kai ka gari. Ta biyu, motar da ke kamawa muddin kana riƙe da makulli a kik, kana saki ta mutu. Wannan ɗan farin tangaran ɗin nan ne da ke kusa da kwayil ya ƙone, ko wayarsa ta fita.

Gwada mai

Kada ka gaskata allurar mai a motar da ta haura shekara 20. Kuma a kan hawa, ɗan man da ya rage yakan gangara gefe guda na tanki, famfo ya ja iska.

Buɗe murfin tanki ka kasa kunne. In ka ji ya ja iska fuu, hancin da tanki ke numfashi da shi ya toshe, a bar murfin sako-sako a gwada. Sai ka cire murfin matatar iska, injin a kashe, ka leƙa maƙogwaron kafireto yaro na taka totur. Ya kamata ka ga mai na tsartuwa. Kafireton Toyota da yawa ma yana da ɗan gilashi a gefe da ke nuna inda mai ya tsaya. In a bushe yake, bi tiyo baya zuwa filtar mai. Ita ce ta fi kowa laifi a motar da ke gudu a shimfiɗaɗɗiyar hanya amma ta shaƙe a kan hawa. Cire ta, zubar da abin da ke ciki a farar gora ka duba. Tsatsa za ka gani ko ruwa kwance a ƙasan fetur, musamman in ka sha a galan wurin 'yan bumburutu. Kaɗe ta ka busa ta baya, za ta kai ka Akwanga ka sayi sabuwa.

Na taɓa kwana a ƙasan Hawan Kibo kan wannan. Wani bakanike da aka ɗauko mini a babur ya wargaza kafireto a kan buhu, ya ɓatar da wani ɗan sifirin a cikin ciyawa. Da asuba wani dattijon direba ya tsaya, ya ce, “Ɗana, ka duba filta kuwa?” Na ce, “Baba, ban duba ba.” Ita ce. Amma saboda sifirin ɗin nan sai da aka ja mu, tumatir kuwa ba ya jiran kowa.

In filta lafiya, zare tiyon da ke shiga kafireto, sa bakinsa a gora, a yi kik. Babu mai, famfo ne, ko kuma zafi ya mai da fetur tururi a cikin tiyo, wanda jiƙaƙƙen tsumma a kan famfo ke warwarewa. Mai injekta kuwa ka kasa kunne wajen tanki, famfonta na yin ɗan kuka in an buɗe makulli, ko da yake a wasu tsofaffin Toyota sai ana kik yake tashi. In shiru, duba fiyus da rile. Kada ka zare tiyonta kamar na kafireto, man da ke ciki da ƙarfi yake fita. Dabarar nan ta ba yaro galan ya riƙe a cikin mota da tiyo zuwa kafireto, fasinja na zaune, na san ana yi. Ni dai ba na yi, tari ɗaya injin zai yi wuta ta tashi.

Wani lokaci man ne ya yi yawa. Za ka ji wari, fulogi ya fito baƙi a jiƙe. Ƙwanƙwasa gefen kafireto a hankali da ƙotar sukundireba, danne totur har ƙasa ka riƙe, ka yi kik. Jos ta haura mita 1,200 daga teku, iskarta ba ta kai ta Abuja kauri ba, shi ya sa motar da aka saita a can ƙasa kan zo nan tana baƙin hayaƙi.

Ta silo ba ta da wuya: nemi ƙaramin tiyon iska da ya fita ko ya tsage, za ka ji yana tsotso, sannan ka duba wayar da ke shiga jikin kafireto, wadda ke yin ƙas in an buɗe makulli.

Mai dizal ba ruwanta da fulogi da kwayil. Iska ce ko ruwa a hanyar mai. Zubar da ruwan da ya taru a ƙasan filta, danna ɗan famfon da ke kanta har ya yi tauri, ka tabbatar wayar da ke kan famfon injekta na samun wuta.

Duk abin da za ka taɓa, taɓa ɗaya ka gwada kafin na gaba, kuma kada kik ya wuce daƙiƙa goma a jere, batirin nan shi ne jarinka. In ya yi sanyi, turi a giya ta biyu ake yi. In ta tashi, yaro ya kwashe duwatsu da ganyen nan daga titi, masu babur na tafe a baya. In ta ƙi, kira bakanikenka na Jos kafin ka miƙa ta ga wanda ba ka sani ba. Kada ka ce masa “mota ta mutu” kawai. Ce masa, “Oga, ta yi fizga a kan hawa, kik na juyawa, akwai wuta, kafireto a bushe.” Da wannan zai san ko famfo zai riƙo ko filta.