Darasi na 9: Kiran Kwaɗi da Lasifika

Duk wanda ya taɓa kwana kusa da kududdufi a farkon damina ya san wannan hayaniya. Ruwan farko zai sauka da la'asar, kafin a idar da sallar isha'i kwaɗi sun cika gari da kuka. Hausawa na cewa kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. To, na kwaɗo ma jawabi ne, sai dai ba da mu yake yi ba.

Namiji ne ke wannan kuka. Yana hura wata jaka da ke ƙarƙashin haɓarsa, ta kumbura, ta ƙara wa muryarsa ƙarfi. Abin da yake faɗa wa mace shi ne, ga ni nan, ga kuma ruwa. Kowane irin kwaɗo da nasa kukan. Na burduddugi dabam, na ƙananan da ke maƙalewa a jikin ciyawa dabam, kuma mace ba ta ruɗewa, na jinsinta take bi. Sauran maza ma suna kasa kunne. Inda suka ji taro, can suke nufa, kamar baƙon da ya shigo gari ranar kasuwa ya bi inda hayaniya take.

Daga nan masana suka samu dabara. Idan kuka ne ke kai kwaɗo ruwa, me zai hana a naɗi kukan, a sa a lasifika a bakin sabon tafki?

Dalilin wannan wahala shi ne kwaɗi na ƙarewa a duniya. Wani babban bincike da aka fitar a 2023 ya nuna kashi 41 cikin 100 na dangin kwaɗi, wato halittun da ke rayuwa a ruwa da tudu, suna fuskantar barazanar ɓacewa. Ana cike fadamu ana gini, maganin feshi na gangarawa cikin ruwa, ga wata cutar fata da wani irin funfuna ke kawowa, wadda ta hallaka su a nahiyoyi da dama. Masu kare halittu sukan haƙa sababbin tafkuna a madadin waɗanda aka cike. Sau da yawa sai tafkin ya zauna shiru, domin ba wanda ya gaya wa kwaɗi an haƙa.

Abin da aka gwada

A Amurka, wasu masu bincike na Jami'ar Illinois sun jera bahunan roba a daji, suka zuba ruwa. Wasu bahunan aka sa musu lasifika mai kukan kwaɗi da dare, wasu aka bar su haka. Sakamakon ya fito a 2015. Wani ƙaramin kwaɗo mai launin toka da ke hawa bishiya ya bi kiran, ya fi zuba ƙwai a bahunan da ke da lasifika. Amma wani mai kaushin fata, irin mai yawo a ƙasa, ko a jikinsa. Masu binciken suna ganin na farkon ya saba haihuwa a ruwan da ke taruwa yau ya ƙafe gobe, don haka dole ya riƙa sauraron inda 'yan'uwansa suka samu. Na biyun kuwa ya san hanyar tafkinsa tun tuni.

A Ostireliya akwai wani kwaɗo kore mai ratsin ruwan zinariya. A da ya cika ko'ina a gefen birnin Sidni, daga baya ya yi ƙaranci ƙwarai. Lokacin da ake shirin wasannin Olamfik na shekarar 2000, an tarar da shi a wani tsohon rami da ake haƙar ƙasar bulo, wurin da aka so a gina filin wasan tanis. Sai aka bar masa raminsa, aka kai filin wani waje. Wani zai ce wannan ai ɓata kuɗi ne a kan kwaɗo, amma ramin na nan har yau da kwaɗinsa, mutane na zuwa kallo. Masana na Jami'ar Newcastle sun gwada lasifika a kan wannan kwaɗon, suka ga yana matsawa zuwa ɓangaren tafkin da ake sa kukan.

Yadda ake yi

A fara da tafkin, lasifika daga baya. Wannan shi ne wurin da ya fi muhimmanci a darasin nan, don haka a karanta shi sau biyu. 'Ya'yan kwaɗi suna ƙyanƙyashewa da wutsiya, ba ƙafa, kuma ba sa iya rayuwa a tudu sai bayan makonni, idan ƙafafu sun fito wutsiya ta shanye. Idan ruwan ya ƙafe kafin lokacin, duk sun mutu. Wanda ya kira kwaɗi zuwa irin wannan ruwa ya raba su da inda za su tsira, ya kai su mahallaka. Haka ma idan akwai kifi a ciki, musamman tarwaɗa, domin za ta cinye ƙwan da 'ya'yan. Tafki mai kyau shi ne mai gangaren baki, ba mai zurfi kamar rijiya ba, da ciyawa a gefe inda za su ɓuya, kuma ruwan gonar da aka yi wa feshi ba ya malalowa ciki. A nisanta shi da gidaje, saboda ruwan da ke kwance sauro ma na son sa.

Naɗar kukan ba wuya. Wayar hannu ta isa. A je bakin kududdufin da ke kusa bayan magariba, a daren da aka yi ruwa, a tsaya shiru, a kashe tocila, a naɗi kamar minti 5. A sa takalmi mai rufi, domin inda kwaɗi suka taru maciji ba ya nisa. Kukan kwaɗin yankinku za ku naɗa. Wanda aka sauko da shi daga intanet, na wata ƙasa, su a wurinsu surutu ne kawai.

Sai a ɗaure ƙaramar lasifika mai batir a jikin turke a bakin sabon tafkin, a kifa mata roba saboda ruwan sama. A kunna daga faɗuwar rana zuwa tsakar dare, da ƙarfin da bai wuce na kwaɗin gaske ba. Da rani ba a yi, ba lokacin haihuwarsu ba ne.

Abu ɗaya da ya shafe mu nan gida: ana kama manyan kwaɗi a fadamun Arewa, a busar ko a ƙyafe, a kai kasuwannin Kudu. Sana'a ce da wasu ke ci da iyali a kanta. Lasifikar da ta tara kwaɗi wuri guda ta sauƙaƙa wa mai kamu aiki ke nan. Saboda haka kafin a kafa turke, a zauna da mai unguwa da masu kamun, a yi yarjejeniya cewa wannan tafkin na haihuwa ne, ba a taɓa shi.

Aikin aji

Ku rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku, ku lura da haruffa masu lanƙwasa: kwaɗo, ƙwai, ɓuya, ƙafe, kududdufi. Wacce ce a cikinsu ba ta da harafi mai lanƙwasa?

Ku amsa da baki, sannan a rubuce: Wane ne ke kuka, namiji ko mace? Me ya sa ba a son tarwaɗa a tafkin?

Aikin gida na mako guda ne. Ku ja layi uku a littafinku, ku rubuta kwanan wata a na farko, ko an yi ruwa ko ba a yi ba a na biyu, a na uku kuma irin kuka nawa kunnenku ya bambance a kududdufin unguwarku bayan isha'i. Mai waya ya naɗo ko na minti 1 ne, ya zo da shi aji ranar Asabar mu saurara tare.