Darasi na Tara: Kalmar Turanci "Indelible" da Alamar da Ba Ta Gogewa

Duk wanda ya taɓa jefa ƙuri'a a Najeriya ya san tawadar da malamin zaɓe yake shafa wa mutum a gindin farce, wadda ko an wanke hannu da sabulu da omo ba ta fita. A takardun hukumar zaɓe ta INEC da jaridun Turanci, sunan wannan tawada shi ne "indelible ink". Kalma ta biyu, wato "ink", ita ce tawada, kuma ba ta da wuya. Ta farko ce za mu koya a wannan darasi, domin tana yawan fitowa a takardun hukuma, da jawaban ta'aziyya, da labaran rediyo, kuma mutane da yawa suna jin ta ba tare da sun san nauyinta ba.

Ana furta ta "in-de-li-bul", a ƙarfafa murya a kan gaɓa ta biyu. A rubuce tana ƙarewa da "ible", kuma a nan ne masu koyo suka fi yin kuskure, domin sukan sa harafin "a" a inda ya kamata su sa "i". Asalinta daga harshen Latin ne, daga wata kalma mai nufin shafewa ko hallakawa, wadda ita ce kuma ta haifi kalmar "delete" da kuke gani a wayoyinku idan za ku goge saƙo. Gaɓar "in" da ke farkonta tana kore ma'ana, kamar yadda "correct" take nufin daidai, "incorrect" kuma take nufin ba daidai ba. Saboda haka abin da aka kira "indelible" shi ne abin da ba ya gogewa, ba ya wankuwa, ba ya kankaruwa. 'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar za su gane ta da sauƙi, domin da Faransanci ana cewa "indélébile", kuma haka ake kiran tawadar zaɓe a can.

Ma'anar farko ta shafi abin da ido yake gani. Tawadar da almajiri yake rubutu da ita a allo an yi ta ne domin a wanke, idan ya hardace karatunsa a rubuta masa sabo, don haka ba za a siffanta ta da wannan kalma ba. Tawadar zaɓe kuwa akwai wani sinadari na azurfa a cikinta, wanda idan ya taɓa fata kuma haske ya same shi sai ya kama ta ya yi duhu, ruwa ba ya cire shi. Ƙasar Indiya ta fara amfani da ita a babban zaɓenta na shekarar 1962, kuma kamfanin Mysore Paints and Varnish da ke jihar Karnataka shi ne yake yin ta har yau, yana kuma sayar wa ƙasashe da dama. Amfaninta a fili yake: wanda aka shafa wa ba zai iya zagayawa wata rumfa ya sake jefa ƙuri'a ba. Iyaye mata sun san irin wannan alama ta wata hanyar, domin masu allurar rigakafin shan inna suna yi wa yaro ita a ƙaramin yatsan hannun hagu bayan sun ɗiga masa maganin, don a bambanta wanda aka yi wa da wanda ba a kai gare shi ba.

Akwai abin lura a nan wanda yake da muhimmanci. Tawadar zaɓe ba ta dawwama har abada. A kan fata takan yi 'yan kwanaki, a kan farce kuwa takan yi makonni, har sai farcen ya tsiro an yanke shi. Duk da haka sunanta bai canza ba, domin abin da kalmar take nufi shi ne hannun mutum ba zai iya cire alamar ba, ko da lokaci zai iya tafiya da ita. Wannan ne ya raba ta da kalmar "permanent", wadda take nufin na dindindin, kamar yadda take a sunan katin zaɓe na dindindin da ake kira PVC. Ana iya cewa "permanent job" ga aikin dindindin, amma ba a cewa "indelible job", domin aiki ba alama ba ne. Kalmarmu tana tafiya ne kawai da abin da ake rubutawa, ko ake zanawa, ko yake barin tabo. Idan kuka ga an rubuta a saman fom cewa a cika shi da "indelible ink", abin da ake nufi shi ne ku yi amfani da biro, kada ku yi da fensir, domin rubutun fensir wani yana iya goge shi ya canza muku suna ko adadin kuɗi.

Ma'ana ta biyu ta aro ce, kuma ita ce ta fi yawa a bakin masu jawabi. Ana ɗaukar zuciyar mutum ko tarihin al'umma tamkar takarda, sai a ce wani ya bar alamar da ba ta gogewa a kanta. Ga misali: "Ahmadu Bello left an indelible mark on education in the North." Ma'anarsa ita ce Sardauna ya bar tarihin da ba za a manta da shi ba a harkar ilimi a Arewa, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, ta isa hujja. Ku lura da kalmomin da suke rakiyarta: "left" a gabanta, "mark" a bayanta, sannan "on" kafin abin da aka bar wa alamar. Haka kuma ana cewa "indelible memory" ga abin da ya zauna a rai ya ƙi fita. Ba a alheri kaɗai ake amfani da ita ba, domin idan aka ce "an indelible stain on his name", ana nufin abin kunyar da ya ɓata sunan mutum, wanda ba zai wanku ba. Mai fassara zuwa Hausa ya kamata ya duba wannan da kyau, ya ce "tabo" idan abin na sharri ne, ya ce "abin tunawa" ko "tarihi" idan na alheri ne. Ba a kuma siffanta mutum kansa da ita. Aikinsa ne yake barin alamar.

A ganina kalma ce mai nauyi da bai kamata a riƙa yin wasa da ita ba. Ya zama ruwan dare a wajen bikin sallama ko a shafin ta'aziyya a ce kowane shugaba ya bar irin wannan alama, ko da bai yi abin da za a tuna bayan shekara guda ba. Ku adana ta domin malamin da ya koya wa unguwa guda karatu, ko ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin gari.

Kada ku rikita ta da "inedible", wadda take kama da ita a ido amma take nufin abin da ba ya ciyuwa.

Aikin gida: kowa ya rubuta kalmar sau biyar a littafinsa yana furta ta da ƙarfi. Bayan haka ya rubuta jimla biyu da Turanci, ɗaya a kan tawada, ɗaya a kan wani mutum da ya amfani garinsu, sannan ya fassara su zuwa Hausa ya kawo wa malami a zama na gaba.