Yadda ake hana kwamfuta sake buɗe manhajoji bayan ta mutu da kanta

Kwamfuta ta daskare, an kashe ta ta ƙarfi, an kunna, sai ga duk abin da ke buɗe ya dawo, har da manhajar da ta jawo matsalar tun farko. Sababbin hannu sukan garzaya Task Manager, wurin da Windows ke nuna manhajojin da ke aiki, su kashe komai a sashen Startup, gobe abin ya maimaita, su ce na'urar ce ta lalace. Wancan jerin na manhajojin da ke tashi kullum ne idan an kunna. Waɗanda ke dawowa bayan mutuwa wani makunni daban ke riƙe da su.

A Windows 11, danna maɓallin Windows da I tare, shiga Accounts, sannan Sign-in options, ka gangara ƙasa. Za ka ga layin "Automatically save my restartable apps and restart them when I sign back in". Kashe shi. A Windows 10 sunansa "Restart apps", kuma sai daga siga mai lamba 2004 ya tsaya da ƙafarsa. A sigogin da suka gabace ta yana haɗe da layin da ya fara da "Use my sign-in info", can za ka kashe.

Nan ne mutane ke tsayawa, alhali saura burauza, wadda ke ajiye nata lissafin ba tare da ta tambayi Windows ba. Idan wani shafi mai nauyi ne ya cinye RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, har kwamfutar ta sandare, burauzar za ta sake jawo shi, a koma gidan jiya. A Chrome, shiga Settings, sashen On startup, ka sauya daga "Continue where you left off" zuwa buɗe sabon shafi. In ta nuna maka maɓallin Restore bayan mutuwa, kada hannu ya yi saurin dannawa. Je History ka zaɓo shafukan da kake so ɗaya bayan ɗaya. A Firefox, rubuta about:config a gurbin adireshi, nemo browser.sessionstore.resume_from_crash, mayar da shi false. Kada ka taɓa komai kuma a wurin. Kada kuma ka kashe kuɗi kan manhajojin da ake cewa suna share kwamfuta, babu abin da za su ƙara a nan.

Word da Excel kuwa ka bar musu AutoRecover a kunne. Shi ne ke ceto rubutun da ba ka adana ba.

Mai Mac, idan ta farfaɗo ta tambaya ko a sake buɗe manhajoji, zaɓi Cancel. Wajen kashewa, cire alamar "Reopen windows when logging back in". In manhaja ɗaya ce ke ta dawo da tagar da ke kashe ta, riƙe Shift lokacin da kake buɗe ta, za ta tashi ba tare da tsofaffin tagoginta ba.