Ga masu ɗa ko ƙani da ke karatu a waje

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata shawara ce daga abin da muka gani lokacin korona.

Ƙanina yana karatu a Malesiya aka kulle ƙasar ranar 18 ga Maris 2020. Bayan kwana biyar Najeriya ta rufe filayen jiragenta ga jiragen ƙasashen waje, sai 5 ga Satumba aka sake buɗe musu. Wata biyar da 'yan kai ba jiragen fasinja na yau da kullum da za a dawo da su.

Abin da ya fi ba mu wahala kuɗi ne. Wanda muke bi ta hannunsa mu aika ya rufe shago, yaro ya kwana biyu yana jiƙa biredi a ruwan shayi bai faɗa wa kowa ba, wai kada hankalin Hajiya ya tashi. Don haka tun ana zaman lafiya ku samu hanyar aika kuɗi ta biyu, ku ajiye masa na abincin wata guda wanda ba ya taɓawa.

Ku sa naku yaron ya yi rajista da ofishin jakadancinmu, ya kuma duba ranar ƙarewar bizarsa da ko inshorarsa ta haɗa da annoba.

In kun kira, ku bar "ya karatu?" Ku ce ya juya kyamara ya nuna muku tukunyarsa.